Shayin La'asar a Mabera

Shekara uku muna Manchesta ina karatu, kuma a can uwargida ta koya wa yara shan shayin la'asar irin na Turawan Ingila. Duk ƙarshen wata sai mu ci ado mu tafi. Ranar farko ko abincin rana ban ci ba, wai ina tanadin ciki. Aka kawo faranti mai hawa uku. A ƙasa burodi ne an yanke masa ɓawo, an sa kokwamba a tsakiya, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba. A tsakiya wani abu mai kama da cincin da ya kumbura, sukon suke ce masa, ana shafa masa kirim da jam. An ce wata matar sarauta, Anna ta Bedford, ta faro al'adar wajen 1840 don yunwa na damunta kafin abincin dare. Da na ga takardar kuɗi na juya ta zuwa naira, sai na gane yunwar tata ba irin ta talaka ba ce. Da muka koma gida tuwo na nema.

Bana muka zo hutu Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Kwana biyu da sauka, ana idar da la'asar, ɗiyata Ummi ta tsaya gaban Inna ta ce lokacin shayi ya yi. Inna ta taɓa goshinta, ta dube ni.

"Mi ya samu ɗiyar ga? Ba ta da lahiya?"

A wurin Inna, shayi cikin wannan rana sai mai jego ko mai zazzaɓi. Ni kuwa da rawar kai na ce zan nuna musu namu shayin, wanda ya fi na Turawa. Na zuba farar shaddata, na kwashe su sai unguwar Mabera.

Na manta mai shayi da safe yake fita, sai kuma bayan magariba. Mun tarar da shi kwance kan benci a gindin dogon yaro, tebur a rufe da leda. Ya tashi yana mutsuttsuke ido, ya hura gawayi saboda girmana. Ummi ta nemi a kawo mata madara daban a ƙaramar buta, kuma ina sukon.

"Alhaji, mi taka cewa?"

Na ce burodi take so. Ya datso mata rabin burodi, ya maka mata ƙwai biyu a ciki. Sannan ya haɗa Lipton da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, ya ɗaga kofi sama da kansa ya fara sheƙawa. Shayi na saukowa kamar igiya, ko ɗigo bai faɗi ba. Yara suka saki baki. Abba har da tafi.

A nan ya kamata in yi shiru. Sai na ce ai mu da wannan muka tashi, a ba ni kofunan. Sheƙar farko ta shiga. Ta biyu na ɗaga hannu sosai don Abba ya gani, shayi ya bi ta hannun riga ya sauka har aljihu. Na yi tsalle, na ture faifan burodi. 'Yan kabu-kabun da ke hutawa a inuwa suka yi mini sannu baki ɗaya, wani ma bai iya ƙarasawa ba don dariya. Mai shayi ya miƙo mini tsumman goge tebur cikin ladabi.

Inna ta ga shaddar ba ta ce komai ba, sai dai ta aika a kira mai wanki.

Makon jiya muka koma wurin shayinmu na Manchesta. Ina cikin shafa jam na ɗago ido, sai ga Abba tsaye kan kujera da kofunan tangaran biyu a hannu, ɗaya ya riga ya kai sama da kansa, yana ce wa Baturiyar da ke kawo mana shayi ta matsa ta gani.