Ciwon damuwa na sa mutum ya karanta zuciyar 'yan uwansa a baibai

A gidaje da yawa a Jos, hukunci ake fara yanke wa mai ciwon damuwa kafin a yi tunanin magani. "Ya cika zargi." "Abu kaɗan ta kumbura." Akasarin wannan hukuncin zalunci ne, domin ciwon da kansa yana jirkita yadda mutum ke fahimtar fuska da murya da niyyar na kusa da shi.

Masana sun daɗe suna auna wannan. Akan nuna wa mutum hotunan fuskoki a ce ya faɗi abin da ya gani. Masu ciwon damuwa sukan ɗauki fuskar da ba fushi ba fara'a a matsayin ta ɓacin rai, kuma sai murmushi ya fito sosai kafin su yarda murmushi ne. Akwai gwajin masani Simon Baron-Cohen na Jami'ar Cambridge mai hotuna 36 na idanu kaɗai, a ce mutum ya faɗi abin da ke ran mai idanun. Wani nazari da ya tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje a 2016 ya gano masu ciwon sun fi wahalar gane abin da ke ran wani, kuma iya tsananin ciwo iya wahalar.

Ɗauki matar aure a unguwar Gangare. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ina kwana?" Uwar mijin ta amsa a gajarce, don sanyin asuba ya tayar mata da ciwon gwiwa. Mai lafiya za ta kawo dalili uku ko huɗu ta wuce. Mai ciwon damuwa dalili ɗaya ke faɗo mata: an gaji da ni. Da shi za ta wuni, da shi za ta kwana. Kashegari ta kasa fitowa gaisuwa, tsohuwa ta ɗauka raini ne, ta ɗaure fuska da gaske. Abin da babu shi jiya, yau ya samu.

Kada a ce mai ciwon ba shi da tausayi. Sau da yawa wahalar wani tana danne mai ciwon har ya kasa ɗauka, shi ya sa yake gudun dubiya da zaman makoki. Ga rashin barci, ga tunanin da ke ta maimaita kansa, har ba sauran hankalin bin zancen mutane.

A nan al'adarmu ta kawaici da kara, duk da kyawunta, take ƙara masa nauyi. Mun saba a gane mu ba sai mun faɗa ba. Shi kuwa duk shirun da aka bar masa, da mugun zato zai cike shi. Don haka a ajiye habaici da shaguɓe, a yi magana ƙarara: "Yaya, ba fushi nake da ke ba, gajiyar kasuwa ce." Shi ma mai ciwon akwai abin yi, daga dabarun da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa: ya rubuta abin da ya faru, da fassarar da ya yi masa, da wasu dalilai biyu da za su iya zama gaskiya, sannan ya tambayi mutumin kai tsaye. Maganar saki ko ajiye aiki kuma a jinkirta ta har ciwon ya lafa.

Idan ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, asibiti ya kamata a nufa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akan fara da tambayoyi tara na auna ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, maki daga 0 zuwa 27, kuma 10 zuwa sama na nufin a bincika sosai. Magunguna irin su fluoxetine sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware. Inda ake yawan faɗuwa ke nan: a daina a kwana na goma wai bai yi aiki ba, ko a daina da zarar an ji dama, ciwon ya dawo. Addu'a da magani ba sa karo da juna. Wanda kuwa ya fara cewa kowa zai huta idan babu shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.