Ba kowane kati mai kyau ne ya kamata ya shiga tulinka ba

Jama'a yau maganar wasan kati zan yi, amma ba Whot ba, ba kuma kartar caca ba, don kar wani ya fara min wa'azi tun ban kai ko'ina ba. Ina nufin irin wasan nan da kowa ke farawa da ɗan tulin kati marasa ƙarfi, sai a cikin wasan kana saye kana ƙarawa har tulin naka ya yi ƙarfin da zai riƙa kawo maka maki. Dominion ne uban tafiyar, wani Ba'amurke mai suna Donald X. Vaccarino ya ƙirƙiro shi, ya fito a 2008, a 2009 kuma ya lashe Spiel des Jahres, babbar kyautar wasannin tebur ta Jamus. Daga shi ne su Star Realms da Slay the Spire da sauransu suka ɗauki salon. Yanzu akwai shi a waya, shi ya sa ma irinmu muka samu shiga ciki.

Abin da ke damuna da yawancin waɗanda nake bugawa da su shi ne tambayar da suke yi wa kansu in layi ya zo kansu. Kowa sai ya duba tebur ya ce wanne kati ne ya fi ƙarfi a cikin waɗanda kuɗina za su iya saya. Ni a ganina tambayar ce ma ba daidai ba. Abin tambaya shi ne: katin nan sau nawa zai dawo hannuna kafin a tashi, kuma in ya dawo wa zai ture ya zauna a wurinsa? Domin hannu kati biyar ne kacal, duk wanda ya shigo to wani bai shigo ba.

Bari in ɗan yi wa wanda bai taɓa bugawa ba bayani a gurguje. Kowa na farawa da kati 10: Copper guda 7, wato tagulla, kowanne kuɗi 1, da Estate guda 3, kowanne maki 1 amma ba ya sayen komai ba ya yin komai a hannu. Kana jan biyar, kana da damar buga katin aiki ɗaya, wato katin da ke yin wani abu na musamman in ka buga shi, da sayen kati ɗaya daga waɗanda aka shimfiɗa a tebur, sai ka zubar da komai a gefe ka ja wasu biyar. In tulin ya ƙare ka cakuɗa na gefen ka ci gaba. Azurfa ana sayenta 3 tana ba da 2, zinare ana sayensa 6 yana ba da 3. Babban abin da kowa ke hari shi ne Province, kuɗinsa 8 makinsa 6, kuma in ku biyu ne guda 8 ne kawai a tebur. Ana tashi in Province ya ƙare, ko kuma in tuli uku daga cikin na sayarwa da ke tebur suka ƙare, ko na wane irin kati ne.

To yanzu ga lissafin da mutane ba sa son yi. Kuɗi 7 a cikin kati 10, kowane kati yana ɗauke da 0.7 kenan, hannu ɗaya 3.5. Kafin ka sayi Province sai hannunka ya kai 8, wato kowane kati ya ɗauko 1.6. Tafiya ce mai nisa, kuma hanya biyu ce: ko ka zuba masu nauyi, ko ka fitar da marasa nauyi. Ka sayi azurfa ɗaya, ka koma 9 a cikin 11, kusan 0.82. Ka cire Estate ɗaya ba ka sayi komai ba, ka koma 7 a cikin 9, kusan 0.78. Kun gani? Cire matacce ɗaya ya kusa kamo sayen azurfa, ga shi kuma tulin ya ragu, duk abin kirkin da ka saya nan gaba zai fi saurin zagayowa. Sannan sai ka tuna akwai Chapel, ɗan katin nan mai kuɗi 2 da sabon shiga ke kallo ya yi tsaki, wanda ke ba ka damar jefa har kati huɗu a shara lokaci ɗaya, su fita daga wasan gaba ɗaya. Huɗu fa malam.

Na sha ganin fuskar mutum ranar da ya fara ganin an yi masa haka. Kana jefa tagullarka da Estate ɗinka a shara yana dariya, wai ka zubar da kuɗi ka zubar da maki, kai wane irin ɗan wasa ne. Can gaba kaɗan sai ya ga tulinka bai fi kati takwas ko tara ba, zinare biyu azurfa biyu da wani katin jan kati, kusan duk zagaye kana ajiye 8 a tebur, shi kuma yana da kati ashirin da wani abu yana ta jan tagulla uku da Estate biyu yana cewa yau ba shi da sa'a. Abin mamaki mu da muka tashi da Whot mun fi kowa sanin cewa tara kati a hannu ba arziki ba ne, in aka ce ka je kasuwa ai ba murna kake yi ba, amma da an sa wa kati hoto mai kyau da farashi sai kwaɗayi ya motsa.

Babban tarkon kuwa shi ne Village. Kuɗinsa 3, yana ba ka kati ɗaya da damar aiki biyu. Daɗin bugawa gare shi wallahi, ka ajiye wannan ka ja, ka ajiye wancan ka ja, kowa na kallonka kana ta jera kati a tebur kamar wani abu na shirin faruwa, ka buga huɗu a jere kana da damar aiki har biyar a hannu, sai a ce to malam nawa ka tara? Uku. Sai ya sake sayen wani Village ɗin. Shi Village ba ya kawo ko sisi, ba ya ƙara maka yawan katin hannu, wanda ya fita shi aka mayar maka. Amfaninsa sai in kana da katunan da ke cinye damar aiki, irin Smithy mai jawo kati uku ko Militia mai ba da kuɗi 2 ya kuma sa abokan wasa su rage hannunsu zuwa uku. Ka fara mallakar abin da za ka buga tukuna, sannan ka nemi damar buga shi.

Ɗaya ɓangaren ma akwai masu faɗawa. Mutum ya ga Smithy ya yi masa aiki sau ɗaya sai ya sayi uku, babu Village ko ɗaya, sai biyu su haɗu a hannu guda, ɗaya ya bugu ɗayan ya tafi a banza, ko kuma ya buga Smithy ya jawo Witch, katin harin nan mai tsada da ya sha wahala ya saya, ba damar buga ta, ta wuce sai wani cakuɗawar. Wannan ba rashin sa'a ba ne, tun ranar saye aka yi ɓarnar.

Ban ce babu sa'a ba fa. Akwai, kuma ana iya auna ta. Kuɗin hannu biyun farko ko dai 4 da 3 ne ko 5 da 2, shi 5 da 2 ɗin sau ɗaya cikin shida yake zuwa, in kuwa akwai Witch a tebur wanda ya samu biyar ɗin nan, da yake su ne kuɗinta, ya fara da ƙafar dama ba musu. Haka kuma bayan sayayya biyun farko tulinka ya zama 12, zagaye na uku da na huɗu za su ci 10, biyu su kwana a ƙasa, to katin da ka fi ƙauna yana da damar ɗaya cikin shida ya zama cikin waɗanda suka kwana. Yana faruwa, yana da ciwo. Amma mutumin da kullum shi ne marar sa'a, kullum, a wasan da kowa ya fara da kati iri ɗaya kuma kasuwa ɗaya ce a gaban kowa, gaskiya ya binciki sayayyarsa.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da nake ba duk mai son ya san ko dabararsa dabara ce. Ka buga da wanda ba ya sayen komai sai kuɗi: in ya samu 3 zuwa 5 azurfa, 6 ko 7 zinare, 8 Province, ya ɗan sa Smithy ɗaya a ciki. Wasa ne marar daɗin kallo, ko yaro zai iya. In duk gine-ginenka na katunan aiki irin su Village da Market da Festival ba su iya doke wannan ba, to ado kake yi. In sun doke shi, madalla, ka samu hanya.

Inda wasan ya fi daɗi a wurina shi ne lokacin juyawa, wato yaushe za ka daina gina tuli ka fara kwasar maki. Nan ma tambayar nan ce dai ta farko. Province da kansa mataccen kati ne a hannu, maki 6 ne amma ba ya sayen komai, in ka saye shi da wuri zai yi ta dawowa yana cin gurbi. Shi ya sa in ka yi sa'ar samun 8 tun tulinka bai nuna ba, sau da yawa zinare ya fi, ko da kuɗi 2 za su tafi a banza. Mutane na jin zafin wannan, wai ya za a yi ina da takwas in sayi abin shida. To ai ba canji ake ba ka ba balle ka ce an cuce ka. A ƙarshen wasa kuma abin ya juye: zinaren da ka saya saura zagaye biyu a tashi wataƙila ko sau ɗaya ba za ka gan shi ba, gara Duchy mai kuɗi 5 maki 3, kai ko Estate ma ya fi shi. Kati ɗaya ne, farashi ɗaya, amma darajarsa a zagaye na biyar daban, a na goma sha biyar daban.

Sai maganar Province na biyun ƙarshe, wadda ita ce ke raba mai lissafi da mai bin son zuciya. Ku biyu ne, saura Province biyu a tebur, abokin wasanka ya fi ka da maki 2, layi ya zo kanka kana da 8 cif. Hannu har rawa yake. In ka saya ka wuce shi da 4, shi kuma in ya samu 8 ya ɗauke na ƙarshen, ya wuce ka da 2, an tashi, ka sha ƙasa da hannunka. Amma in ka danne zuciya ka sayi Duchy, ka wuce shi da 1, yanzu wutar ta koma kansa: in ya taɓa Province ya wuce ka da 5, kai kuma ka ɗauke na ƙarshen ka ci da 1. Sai dai ba doka ce daga sama ba. In kana bin abin da ya buga, ka ga zinarensa duka sun fita a zagayen da ya wuce kuma bai kai ga cakuɗawa ba, to da wuya ya haɗa 8, ɗauki abinka. Wannan ne ya sa nake cewa rabin wasan a tulin abokin karawarka yake, wanda kansa ke sunkuye a kan nasa hannun kawai ba zai ga wannan ba. Haka ma tuli ukun nan, in Witch na ta rabon Curse, katin da ke rage maki, guda 10 ne a wasan mutum biyu, suna ƙarewa an samu tuli ɗaya, Village ya ƙare saboda masoyansa, saura ɗaya, kana can kana gina abin da za ka burge jama'a wani zai ƙarar da na ukun yana gaba da maki kaɗan ya ce a ƙirga.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya koma ɗan a-rage-a-rage ido rufe. In Gardens na tebur, wanda ke ba da maki 1 a kan kowane kati 10 da ka mallaka, ga kuma Workshop mai ɗauko maka kati kyauta har na kuɗi 4, to tuli mai ƙiba shi ne sarki, kati 40 kowane Gardens ya zama maki 4 a farashin 4. Ranar ko tagulla ka samu dama ɗauka. Tebur ne ke faɗa maka, shi ya sa kafin a buga katin farko ya kamata ka zauna ka karanta duka nau'in kati goma da aka shimfiɗa don wasan ranar: akwai mai rage kati? akwai mai ƙara damar aiki? akwai mai jan kati? akwai mai kai hari? In ɗaya daga ciki babu, dabarar da ta ci jiya ba lallai ta ci yau ba.

Masu Slay the Spire, wasan bidiyon nan da ake faɗa da dodanni da kati, ku ma kar ku ce ba da ku ake ba. Bayan kowane faɗa ana nuna maka kati uku ka zaɓi ɗaya, a ƙasa kuma akwai maɓallin tsallakewa wanda wasu ko kallonsa ba sa yi. Ironclad, ɗaya daga jaruman wasan, yana farawa da Strike 5, Defend 4 da Bash 1, ƙarfin bugawa 3 ne a zagaye, kuma mai shago yana cire maka kati a kan zinare 75, kowane cirewa farashin ya ƙaru da 25. Sau da yawa wannan cirewar ta fi duk abin da ya baje a shagon. Amma a hawa na farko ba a yin tsumulmula, dole ka ɗauki katunan kai hari ko ba su burge ka ba, domin dodon nan Gremlin Nob na jiranka kuma duk katin kariya da ka buga ƙarfi yake ƙara masa. Sai ka wuce wannan, tulin ya samu alkibla, sannan ka fara cewa a'a.

Mu koma Dominion, ga tebur nan na bar muku: akwai Chapel, Witch, Village, Smithy, Militia da Market, ka buɗe da 5 da 2. Ni dai Witch da Chapel zan ɗauka ban ko tsaya tunani ba, duk da na san za su iya haɗuwa a hannu ɗaya. In 4 da 3 ne kuma Chapel da azurfa, ko Militia in na ga abokin wasan irin masu son tara kaya ne. Wanda ya ce Market zai fara da shi ina son in ji hujjarsa, da lissafi ba da "haka nake ji" ba.