Idan Gwanarki Ta Fitar da Sabon Littafi

Marubuciyar da na fi so ta fitar da sabon littafin soyayya, kuma kafin nawa ya iso hannuna na riga na karanta ra'ayoyin masu karatu fiye da yadda ya kamata. Ba zan ambaci sunanta ba, domin yau mu masu karanta ta ne a gaban alƙali. Ra'ayoyin sun rabu gida biyu. Waɗansu na cewa, "Gwanata ba ta taɓa ba ni kunya ba, na sha kuka har filo ya jiƙe." Waɗansu kuma na cewa, "Wannan ba ita ba ce, ina wadda muka sani?" Da na ƙara dubawa sai na ga kusan babu wanda ya taɓo abin da ke cikin sabon littafin. Duka ɓangarorin biyu wani tsohon littafinta suke tunawa, wanda ya fara sace musu zuciya shekarun baya. Masu yabo suna biyan bashin daɗin da suka ji a wancan lokacin, masu ƙorafi kuwa suna jin haushin ba a maimaita musu shi ba.

So hana ganin laifi ne, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne so yana kuma ƙirƙiro laifin da babu, idan abin da ake so ya ƙi tsayawa inda aka bar shi.

Mu fara da taurarin nan da ake jerawa ƙarƙashin hoton littafi. Dandalin Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye a 2013, ya saba wa miliyoyin mutane da auna littafi da tauraro ɗaya zuwa biyar. Sai mu tambayi kanmu, wa ke sayen littafi na bakwai na marubuciya a makon da ya fito? Wanda ya ji daɗin na shida. Wanda ya gaji da ita tun a na uku ya kama gabansa, ba zai zo ya rage mata maki ba. Saboda haka marubuciya na iya yin rauni a hankali alhali makinta na hawa, don waɗanda suka rage a kusa da ita masu ƙaunarta ne zalla. Dandalin ma yakan bar mutane su ba littafi maki tun bai fito ba. Za ka ga an zuba wa littafi taurari biyar wata shida kafin a buga shi, da bayanin cewa "na san zai yi daɗi". Kuma wuƙar tana yanka ta ɗaya gefen. A watan Yunin 2023 marubuciya Elizabeth Gilbert ta Amurka ta janye fitar da wani littafinta da aka gina labarinsa a Siberiya ta ƙasar Rasha, bayan ɗaruruwan mutane sun ba shi tauraro ɗaya saboda yaƙin Yukiren, alhali littafin bai shiga kasuwa ba tukuna. Ko me mutum ke gani game da fushinsu, makin nan bai gaya mana komai ba game da rubutun.

To, kada a ɗauka ina cikin masu raina masu karatun soyayya. Na sha jin ana cewa, "Me za ki karanta a littafin da kin riga kin san za su yi aure a ƙarshe?" Amma ba wanda ke yi wa mai karanta labarin binciken kisa wannan gorin, ga shi shi ma ya san za a gano mai laifin kafin shafi na ƙarshe. Ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka ta daɗe da taƙaita wannan fanni a sharuɗɗa biyu: soyayya ta zama ita ce ƙashin bayan labari, ƙarshensa kuma ya kwantar da zuciya ya bar mutum da kyakkyawan fata. Wannan alkawari ne tsakanin mai rubutu da mai karatu. A 1984 wata malamar jami'a, Janice Radway, ta wallafa binciken da ta yi a kan mata 42 masu yawan karanta irin waɗannan littattafai a wani gari na tsakiyar Amurka. Abin da suka fi nanata mata shi ne kyakkyawan ƙarshe, kuma da yawansu sun nuna cewa lokacin karatun shi ne ɗan lokacin da suke ware wa kansu bayan sun yini suna hidimar miji da 'ya'ya. Wadda ta saci sa'a guda daga barcinta don ta huta a cikin labari tana da haƙƙin yin fushi idan aka sayar mata da makoki a cikin bangon soyayya. Shi ya sa ban ga laifin masoyan Bridget Jones, jarumar wani jerin littattafan soyayya, ba da suka tayar da ƙura a 2013, lokacin da suka ji marubuciyar, Helen Fielding, ta kashe Mark Darcy, masoyin jarumar, a littafi na uku, bayan sun shafe shekaru suna jiran zaman mutanen nan biyu ya daidaita.

Amma alkawarin nan iyakarsa ke nan. Bai haɗa da wa za ta aura ba, ko shafi nawa za a yi ana ba ta haƙuri, ko irin hukuncin da za a yi wa mugun cikin labari. A nan ne muke wuce gona da iri, kuma ba yau muka fara ba.

Tsakanin 1747 da 1748 Samuel Richardson na Ingila ya riƙa fitar da labarinsa Clarissa kashi-kashi. Da masu karatu suka hango inda aka dosa, cewa yarinyar za ta mutu kuma Lovelace, mutumin da ya ci zarafinta, ba zai shiryu ya aure ta ba, sai wasiƙu suka yi ta zuwa masa. Wata mai suna Lady Bradshaigh ta yi ta rubuto masa da sunan aro tana roƙo da magiya ya haɗa su aure. 'Yar'uwarta ma zama ta yi ta rubuta nata ƙarshen labarin. Richardson ya ƙi. Bayan shekara 120, 'yan mata suka dami Louisa May Alcott da wasiƙu bayan kashi na farko na littafinta Little Women ya fito a 1868, kowacce na son jarumar, Jo, ta auri abokinta Laurie. Alcott ta rubuta a littafinta na sirri cewa ba za ta yi wannan auren don faranta wa kowa rai ba, kuma a kashi na biyu, a 1869, ta aurar da Jo ga wani malami Bajamushe da ya girme ta sosai. Har gobe akwai masu jin zafin wannan. Ni kaina ban tabbata na yafe mata ba. Sai dai na lura cewa littattafan nan biyu ana ta gardama a kansu har yanzu, su kuwa ɗimbin labaran zamaninsu da suka ba kowa abin da ya roƙa, ko sunansu ba a tunawa.

Bambancin da ke tsakanin wancan zamani da namu shi ne sauri. Wasiƙa takan yi kwanaki a hanya, marubuci ya karanta, ya ajiye, ya yi tunani. Marubuciyar da ke sakin labarinta babi-babi a Wattpad ko a rukunin WhatsApp a yau, tana tura babi da dare, kafin ta yi barci saƙonni sun cika mata waya. "Don Allah kar ki raba su." "Wallahi in ta koma masa na daina karantawa." "Bai wahala ba tukuna, a ƙara masa." Mutum ce, tana son a so ta, kuma sau da yawa waɗannan masu saƙon su ne masu biyan kuɗin karatun. Duk wanda ya bi irin waɗannan labarai ya san yadda abin ke ƙarewa. Labarin da ya kamata ya tsaya a babi na talatin sai ya kai na saba'in. Mugun da aka riga aka hukunta sai a sake tono shi a hukunta, don jama'a ba su ƙoshi ba. Jarumar da aka fara zana ta da taurin kai da kurakurai irin na ɗan Adam sai a yi ta wanke ta har ta koma waliyyiya, saboda duk lokacin da ta yi kuskure masoyanta sun yi caa. A ƙarshe su waɗanda suka juya akalar su ne farkon masu cewa, "Rubutunta ya lalace, ba kamar da ba."

Akwai kuma inda nake ganin ya wajaba marubuciya ta saurara, ta saurara da kyau. Colleen Hoover ta fitar da It Ends with Us a 2016, littafin ya sake yin tashe sosai wajajen 2021 ta hanyar masu tallata littattafai a TikTok. Labari ne na mace da mijinta ke duka, kuma marubuciyar ta bayyana cewa abin da mahaifiyarta ta fuskanta ne ya zaburar da ita. A watan Janairun 2023 aka sanar za a fitar da littafin zane na shafa launi da aka gina a kan labarin. Masu karatu suka ce a'a, ba a mayar da dukan mace abin wasa da fenti. Cikin 'yan kwanaki aka soke shirin, ita ma ta amsa cewa an yi kuskure. A nan masu karatu ba su nemi a canja musu ango ba. Sun ga wani abu da mai abin ta kasa gani saboda kusancinta da shi. Richardson ma ya gamu da irin wannan ta bayan gida: da ya ga mata na ƙaunar Lovelace duk da ta'asarsa, sai ya gane alƙalaminsa ya yi wa mugun ado fiye da kima, ya koma a bugu na gaba ya ƙara bayanai da sassan da ke fito da muguntarsa fili. Ya ƙi ba su ƙarshen da suka nema, amma ya ɗauki darasi daga yadda suka karanta shi.

Ga yadda nake kallon abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai karatu ita ce mai ɗakin zuciyarta. Idan ta ce, "A nan na daina yarda cewa yana son ta," ko "Wannan kishin nasa tsoro ya ba ni, ba sha'awa ba," ko "Daga tsakiya na fara tsallake shafuka," shaida ce ta bayar, kuma babu marubuciyar da za ta musa mata abin da ta ji. Amma sanin inda ke yoyo daban, iya gyaran rufi daban. Da zarar ta koma cewa, "Da kin sa ya yi hatsari ya manta komai," ta bar kujerar shaida ta hau ta magini, kuma galibi abin da za ta gina shi ne littafin da ta riga ta karanta sau goma.

Za a iya ce mini, ke wace ce da za ki tsara wa mutane yadda za su so abin da suke so? Karatun nishaɗi ne, ba jarrabawa ba. Kuma marubuciya da waɗannan masu yabon take ci take sha. Su ne ke saye a ranar farko, su ne ke jawo ƙawayensu. Gaskiya ne, ban musa ba. Wadda ta rubuta "na yi kuka" ta rufe wayarta ba ta yi wa kowa laifi ba. Damuwata tana kan abin da ke biyo baya, lokacin da yabo ya zama shinge. A ƙarƙashin duk wani ra'ayi mai ɗan gyara za ka tarar da masu gadi: "In kin iya ki rubuta naki." "Hassada ce." Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba. Marubuciyar da ta kai matsayin da masu bugawa ke jin nauyin yanke mata shafi, idan masoyanta ma suka kori duk mai faɗa mata gaskiya, daga ina za ta ji cewa ta fara maimaita kanta? Maƙiyanta ba za ta saurare su ba, kuma tana da hujja. Wadda ta karanta littattafanta duka, ta san inda ta fi ƙarfi, ita kaɗai ce za ta iya cewa "wannan bai kai wancan ba, ga dalili" a ji ta.

Na karanta sabon littafin gwanar tawa a dare biyu. Akwai wata rigima a tsakiyarsa da kiran waya guda zai kashe, amma aka ja ta kusan shafi tamanin, kuma na gane dabarar domin ta yi amfani da ita a littattafai biyu da suka gabata. Ƙawar jarumar ba ta da aikin yi a duniya sai sauraron matsalar jaruma. Sai dai akwai wani wuri kusa da ƙarshe, inda jarumin ya zauna a barandar asibiti yana ƙoƙarin tuna kalar rigar da jarumar ta sa ranar da suka fara haɗuwa ya kasa, ya ji kunyar kansa. Wannan shafi ɗaya ya fi duk abin da ta taɓa rubutawa, kuma da ta bi masu cewa ta dawo yadda take a da, ba za ta rubuta shi ba, don a da jarumanta ba sa manta komai.

Taurari uku na ba shi, na rubuta dalilaina kamar yadda na faɗe su a nan. Ba a yi sa'a guda ba wata ta amsa mini: "'Yar'uwa, ke dai ba masoyiyarta ba ce ta gaskiya." Na duba kantar littattafaina, inda nata suka cinye layi guda, har da wanda na saya sau biyu saboda na ba da aro ba a dawo mini da shi ba. Ban mayar mata da amsa ba. An ce na gaba zai fito baɗi, kuma na riga na sa sunana a jerin masu jira.