Ga masu koyon zane da kansu: a ɗan ajiye waya, a zana buta

Makon jiya wani yaro ɗan unguwarmu a nan Garwa, mai shekara goma sha bakwai, ya kawo mini hoton Vincent Aboubakar da ya zana da baƙin bik, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira biro. Ya gaya mini kwana tara ya yi a kansa, kuma duk wanda ya ga zanen ya san bai yi ƙarya ba, domin hatta gumin goshi da zaren wuyar riga sun fito. Ya zaɓi mutumin da kowane yaro a garin nan ke alfahari da shi, ɗan ƙwallon da ya taso a ƙungiyar Coton Sport ta Garwa kuma ya ci ƙwallo 8 a gasar kofin Afirka da aka yi a Kamaru a farkon 2022. Ya ɗora hoton a Facebook, mutane suka yi ta rubuta masa cewa Allah ya ba shi baiwa. Na yaba masa da zuciya ɗaya, sannan na ɗauko butar alwalata na ajiye a kan tabarma, na ce masa: "Ɗana, zana mini wannan." Ya yi kusan rabin sa'a yana gogewa yana sakewa, daga ƙarshe ya ɗago kai ya ce: "Kawu, bari in ɗauke ta hoto tukuna." Wannan amsa tasa ce ta sa nake wannan rubutu, domin ni ma na yi shekaru a wurin da yake tsaye yanzu.

Zan fara da kalmar baiwa, saboda a ganina ta cutar da masu koyon zane a garuruwanmu fiye da rashin kayan aiki. Ban musa cewa Allah yana bambanta bayinsa ba, kuma na ga yaran da hannunsu ya fi na tsaransu sauƙin sarrafuwa tun suna ƙanana. Amma idan aka gaya wa yaro cewa abin da yake yi baiwa ce kawai, an nuna masa ke nan cewa babu sauran abin koyo, kuma ranar da ya gamu da abin da ya gagare shi zai ɗauka baiwar tasa iyakarta ke nan. Wanda kuma bai iya ba tun farko, shi ba zai ma ɗauki fensir ba. Van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan wanda duniya ta sani, sai a 1880 ya yanke shawarar zama mai zane, yana da shekara 27, kuma ya rasu a 1890. Mafi yawan abin da ya iya da kansa ya koya, kuma ya fara ne da kwafar darussan zane na wani Bafaranshe mai suna Charles Bargue, yana gama su yana sake komawa farko. Wanda ya dubi zane-zanensa na shekarun farko zai ga hannaye masu tauri da jikin da awonsa bai daidaita ba, irin waɗanda muke gani a littattafan ƙannenmu.

Hanyar da yawancin matasanmu ke bi a yau ita ce a samo hoto a waya, a ja masa layuka a tsaye da a kwance har ya zama kamar gidan dara, a ja irin waɗannan layuka a takarda, sannan a riƙa kwashe abin da ke cikin kowane gida ana zubawa a ɗan'uwansa. Dabara ce tsohuwa, masu zanen bango sun daɗe suna amfani da ita wajen faɗaɗa ƙaramin zane, kuma tana koyar da haƙuri da tsabtar aiki. Matsalarta ita ce aikin da ya fi wuya kyamara ta riga ta yi shi. Buta abu ce mai ciki da baya da zurfi, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma dukkan ilimin zane yana cikin yadda za a sauko da mai zurfi a kan shimfiɗaɗɗe ba tare da ya mutu ba. Hoto ya riga ya shimfiɗe komai, ya yanke inda inuwa za ta tsaya, ya daskarar da haske. Saboda haka mutum zai iya shekara biyar yana kwafar hotuna, hannunsa ya ƙware ƙwarai wajen fitar da ƙofofin gashi da sheƙin ido, amma idonsa yana nan inda ya bar shi tun yana aji uku na firamare.

Abin da na fahimta bayan dogon lokaci shi ne mai koyo ba abin da ke gabansa yake zanawa ba, abin da ya sani yake zanawa. Yaron nan ya san bakin buta zagayayye ne, don haka ya zana cikakkiyar da'ira, alhali daga inda yake zaune bakin ya matse ya koma siffar ƙwai kwance. Ya san gindin buta a ƙasa yake zaune daram, sai ya ja masa miƙaƙƙen layi, alhali shi ma lanƙwasa yake yi. Haka abin yake a fuska. Kusan kowane mai koyo yana ɗora idanu can sama kusa da gashi, domin hankalinmu ya fi damuwa da ido da hanci da baki, ya raina goshi da ƙoƙon kai. Amma wanda ya auna zai tarar idanun babban mutum suna kusan tsakiyar kai ne daga haɓa zuwa tsakar ka, tazarar da ke tsakanin idanu biyu kusan faɗin ido ɗaya ce, tsawon jiki kuma yakan kai kai bakwai da rabi. Waɗannan ba dokoki ba ne da kowa ya dace da su, ma'auni ne da ake gwada mutum a kansa don a ga inda ya bambanta.

Maganin wannan cuta ba ya buƙatar kuɗi. A miƙe hannu gaba ɗaya riƙe da fensir, a rufe ido ɗaya, a sa babban yatsa a auna faɗin abu, sannan a ga sau nawa wannan faɗin zai shiga tsawonsa. A zana ramin da ke tsakanin marfin buta da hannunta maimakon hannun kansa, domin ƙwaƙwalwa ba ta da wata siffa da ta haddace wa rami, dole ta bar ido ya yi aiki. In kuwa dole sai an kwafi hoto, a juya shi kai ƙasa, za a yi mamakin yadda layuka za su daidaita da zarar an daina gane cewa wannan hanci ne wancan kunne ne. Akwai kuma zanen gaggawa, wanda ni a wurina ya fi kowanne amfani: a zauna a gefen kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko a tashar mota, a ba kowane abu minti ɗaya ko biyu, buhunan gero, amalanke, babur a jingine, a wuce na gaba ba tare da gogewa ba. Zane ɗari marasa kyau da aka yi cikin mako guda suna koyar da abin da zane ɗaya na kwana tara ba zai koyar ba.

Game da inuwa, kuskuren da na fi gani shi ne a shafa baƙi da yatsa ko'ina har zanen ya yi toka-toka. A ajiye ƙwarya ko ƙwai kusa da ƙofa da hantsi, a kanne ido har ƙananan abubuwa su ɓace, za a ga ɓangare mai haske, da ɓangare mai duhu, da inuwar da abin ya jefa a ƙasa, da wani ɗan haske siriri a can ƙasan duhun wanda ƙasa ta mayar masa. Wannan ɗan hasken shi ke sa abu ya zagaye. Kayan aiki kuwa ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Fensir mai alamar H mai tauri ne mai haske, mai alamar B mai laushi ne mai baƙi, kuma HB ɗaya (matsakaici) da 4B ɗaya (mai laushi sosai) sun ishi mai koyo shekara guda. Gawayin murhu da takardar buhun siminti sun fi dacewa da babban zane fiye da takarda mai tsada da mutum ke tsoron ɓatawa. Shi kuwa bik yana da wata fa'ida, ba ya goguwa, saboda haka yana tilasta wa mutum ya duba da kyau kafin ya ja layi.

Sai dokar nisa da kusa, wadda masu koyo da kansu ke gudu saboda suna ganin lissafi ce. Wanda ya tsaya a bakin gadar Binuwai ya miƙa ido zai ga shingayen gefe biyu suna matsowa kusa da juna har su nemi haɗuwa a wuri ɗaya, kuma wannan wurin yana daidai tsayin idonsa; in ya durƙusa wurin ya sauko, in ya hau mota ya ɗaga. Abin da ke sama da ido layinsa gangarowa yake yi, abin da ke ƙasa da ido layinsa haurawa yake yi. Masu gini da zane na birnin Fulorans a Italiya ne suka tsara wannan a ƙarni na 15, aka rubuta ƙa'idojinsa a 1435, amma tun kafin su Ibnul Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya bayyana cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Wanda ya zauna ya zana zauren gidansu da lungun unguwarsu sau ashirin zai riƙe wannan doka fiye da wanda ya haddace ta.

Na san akwai iyayen da ke hana 'ya'yansu zane saboda maganar zana mai rai, kuma ba na ɗaukar damuwarsu da wasa. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan tunatar shi ne ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum da sana'arsa zane ce ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, sai ya nuna masa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Duk abin da na lissafa a sama, awo da inuwa da nisa, ana iya koyonsa a jikin buta da kuka da darbejiya da dutsen Tingilin, ba tare da an zana fuskar kowa ba. Uban da ya karɓe fensir gaba ɗaya ya toshe wa ɗansa hanyar zanen gini da zanen tufafi da rubutun allunan shaguna, sana'o'in da ake ci da su a garin nan.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda matasanmu ke ganin ba su da malamai saboda ba su shiga makarantun zane na jami'a irin na Fumban da Nkongsamba a can kudu ba, alhali malaman suna zaune a bakin hanyarsu. Mai aikin babbar riga yakan zana aska takwas a jikin yadi kafin allura ta taɓa shi, kuma ya san daidaita dama da hagu ba tare da ma'auni ba. Mai zayyana allon sauka ya san yadda ake raba fili da alƙalami da tawada har babu kusurwar da ta fi wata nauyi. Dukawan Marwa, da masu lalle, da matan Gawi kusa da Njamena masu yi wa bangon ɗakunansu ado, duk ilimin layi da siffa ne a hannunsu. A Bidzar, kusa da Gidar, akwai da'irori waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse. Ibrahim Njoya, wanda ya zana sarakunan Bamun a fadar Fumban ya rasu a 1962, ba a jami'a ya koya ba. Chéri Samba na Kwango ya shiga Kinshasa a 1972 yana yaro, ya fara da rubutun allunan talla, a 1989 kuma aka baje aikinsa a Faris. Matashin da ya je ya zauna wata uku wurin mai rubuta allunan shaguna, yana wanke masa buroshi yana kallon yadda yake tsara haruffa, zai fito da abin da ba a samu a bidiyo.

Bidiyon intanet suna da amfani, ni ma na ƙaru da su, amma kallo yana da daɗin da ke sa mutum ya ji kamar ya yi aiki. Wanda ya kalli darasin minti goma ya kamata ya kashe waya ya yi sa'a guda yana gwadawa. Sannan babban abin da mai koyo shi kaɗai ya rasa shi ne wanda zai nuna masa kuskurensa, domin idon da ya yi kuskure ba ya saurin ganinsa. Madubi yana taimakawa: a nuna masa zanen, karkatar da ta ɓuya za ta fito fili nan take. Ajiye zane kwana uku kafin a sake dubawa yana taimakawa. Amma babu kamar mutum biyu ko uku masu wannan sha'awa da za su riƙa haɗuwa bayan la'asar su zana abu ɗaya, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa inda awonsa ya kauce. Mu ma masu sharhi a ƙarƙashin hotuna muna da namu laifin, domin addu'a da yabo sun dace, amma in ka ga kunne ya sauka ƙasa da inda ya kamata, ka bi yaron ta saƙon sirri ka gaya masa cikin mutunci.

Na ba yaron nan littafi mai shafi ɗari da fensir biyu, na roƙe shi ya rubuta kwanan wata a kan kowane shafi, kada kuma ya yage ko ɗaya komai muninsa, saboda ranar da zai ji kamar ba ya gaba ya sami abin da zai waiwaya ya gwada. Shekaranjiya da yamma ya dawo da shafi goma sha ɗaya, duka buta. A na farko bakinta da'ira ne, a na bakwai ya fara kwantawa, a na ƙarshe har ya lura cewa inuwar hannunta tana faɗowa a jikinta ta lanƙwashe. Ya tambaye ni abin da zai zana gaba, na ce ya je ya zauna a ƙofar zaurensu da safe ya zana lungun har inda idonsa ya tsaya.