Wai "Sauran Kuɗin Korona": Saura a Wurin Wa?

To, an gama taron masu ruwa da tsaki. Wanda bai je ba ma ya ga hotuna. An ci shinkafa da kaza, an sha lemo, an tafa, an rufe da addu'a. Kuma an tsayar da magana cewa abin da ya yi saura na tallafin korona a ƙaramar hukumarmu za a zagaye sakatariya da katanga da shi, a sa sabon get, a yi fenti, ragowar a sa na'urar sanyaya ɗaki a zauren taro. Madalla, Allah ya sanya alheri. Ashe duk tsawon lokacin nan katanga ce ta sha wahalar korona, mu ba mu sani ba. Ita aka hana zuwa kasuwa, ita jarinta ya karye, 'ya'yanta ne suka yi wata da watanni a gida babu makaranta. Sannu katanga, Allah ya ƙara sauƙi.

Kalma ɗaya ce ta tsaya mani a maƙoshi tun jiya: saura. Saura a wurin wa? A gidan da na tashi, ana cewa tuwo ya yi saura idan kowa ya ci ya ture kwano, sai a ajiye a yi ɗumame da safe. Amma yara na zaune da kwanuka a hannu, ba ka zuba masu ba, ka rufe tukunya ka ce ya yi saura? Wannan hanawa ce. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ina da gwaggo, mijinta ya rasu da daɗewa. Sana'arta ta sayi shanshera ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta auna a kwano ta sayar. A 2020 abubuwa biyu suka haɗu a kanta: an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, masu zuwa saye suka ɗauke ƙafa, sannan damina ta zo da ambaliyar da duk ɗan Kebbi bai manta ba, ruwa ya shanye fadama, shanshera ta yi tsadar da hannunta bai kai ba. Jarin ya tafi a bakin yara. Da aka yi shelar rubuta suna, ta je filin firamare tun hantsi, ta bi layi a rana har la'asar. Aka rubuta, aka ɗauki hoto, ta dangwala yatsa, aka ce ta buɗe asusun banki. Ni na ɗauke ta a babur muka je muka buɗe. Wata 'yar takarda da aka ba ta tana nan har yau, ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan kwalla, tare da katin zaɓe da katin asibitin jikarta. Duk lokacin da na je gaishe ta, bayan an gama gaisuwa sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, wai kuɗɗin ga ƙarewa sunka yi ko ba su iso ba?" Ni kuma in ce, "Gwaggo, a ƙara haƙuri."

Yanzu sai in koma in ce mata me? In ce Gwaggo, sun iso, ba su ƙare ba, har saura suka yi, ga shi can an yi get da su?

Tun daren jiya 'yan kore suka cika mani akwatin saƙo. Wani ya ce ai korona ta wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta janye dokar ta-ɓaci tun watan Mayu na 2023, me za a yi da kuɗin cutar da babu ita? To malam, cutar ta wuce, jarin Gwaggo ya dawo? Bashin da ɗan kasuwa ya ci lokacin da shago ke rufe an yafe masa? Ba don a yi wa cuta kwalliya aka karɓo kuɗin ba, don mutanen da ta kayar aka karɓo. Mutanen suna nan kwance inda ta bar su, sai ma cire tallafin mai da ya zo a 2023 ya ƙara danne su. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Kuma a daina yi mana magana kamar kyauta ce ta faɗo daga sama. A watan Afrilu na 2020 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Najeriya dala biliyan 3.4 na gaggawa, rance ne. A watan Disamba na shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin farfaɗowa da ake kira NG-CARES, shi ma rance ne, wanda aka tsara domin masu rauni, ƙananan manoma da masu ƙananan sana'o'i. Tsarinsa ma shi ne jiha ta fara yin aiki da kuɗinta, a zo a tantance, sannan a mayar mata. Daga baya aka cire kalmar korona daga sunan shirin, aka bar haruffan yadda suke, aka ci gaba. Ga kuma abin da 'yan kasuwa suka tara a ƙarƙashin CACOVID, su Dangote da bankuna. Ko ta wace kafa kuɗi ya biyo ya iso ƙaramar hukuma, da sunan talaka aka karɓo shi, kuma in bashi ne jikokin talakan za su biya. A ci bashi da hoton Gwaggo, a yi fenti da shi, jikarta ta biya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mun ga irin wannan "sauran" a baya ai. Kun manta watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Legas, Jos, Kaduna, Ilori da Yola? Buhuna da katan-katan na taliya maƙare har rufi, wata da watanni bayan an ce an ba da su domin masu jin yunwa. Ban goyi bayan fasa rumbu ba, kuma ba zan taɓa goya ba. Amma da ba a fasa ba, da waɗancan ma bayan shekara biyu an kira taro an ce sun yi saura.

Wani mai ilimi a cikin 'yan koren nan, wanda har da turo mani dogon bayani, ya ce ko a Amurka haka aka yi, ƙananan hukumomi sun karkatar da kuɗin korona zuwa wasu ayyuka. Gaskiya ne, na yarda. A 2021 gwamnatinsu ta ware dala biliyan 350 ga jihohi da ƙananan hukumomi, kuma an yi abubuwan mamaki da su, jihar Alabama ma dala miliyan 400 ta ɗiba ta zuba a ginin gidajen yari, aka yi ta cece-kuce. Amma tunda ka ɗauko Amurka, ɗauko ta gaba ɗaya. An sa masu wa'adi: duk kuɗin da ba a ɗaure shi da wani aiki ba zuwa ƙarshen 2024 a mayar da shi Baitulmali, wanda aka ɗaure kuma a gama kashe shi zuwa ƙarshen 2026. Ana kai rahoton kowane aiki a rubuce, kowa na iya dubawa. Shi ya sa ma kai da ke zaune a nan ka san abin da Alabama ta yi. To faɗa mani, nawa ya shigo ƙaramar hukumarmu? Mutum nawa aka rubuta, nawa suka samu? Ka san lissafin Alabama, ba ka san na garinku ba, kuma ba ka ji kunya ba.

Sai masu cewa a tausaya wa ciyaman, ba shi da ta cewa, komai daga sama ake turo shi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Wannan waƙar mun gaji da ita. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko an bi hukuncin ko ana ta jan ƙafa, wannan rigimarsu ce ta manya. Amma wanda yake da ikon kiran taro, ya yanka kaji, ya zaɓi launin fenti, yana da ikon ɗaukar biro ya rubuta cewa akwai mutanen da ba a sallama ba. In ana rabon yabo shi ne zaɓaɓɓe, in an zo tambaya ya zama ɗan aike. Kansilolinmu kuma, Allah sarki, duk zauren babu wanda ya ɗaga hannu. Wataƙila hannuwan na cikin kwano.

Bari in ajiye zolaya. Wallahi ba ni da gaba da kowa a sakatariyar nan. Akwai abokan karatuna a ciki, akwai wanda muke sahu ɗaya a masallaci. Na san katangar ta zube, na san awaki na kwana a baranda. Ba na son wurin ya zauna a wulaƙance. Amma katanga tana da gurbinta a kasafin kuɗi, a sa ta can, a yi ta da rana tsaka. Wannan kuɗin kuwa yana da masu shi, an rubuta sunayensu, an ɗauki hotunansu. A fito da takardar, a liƙa a ƙofar fadar hakimi da bakin kasuwa, kowa ya duba sunansa. Wanda ya samu a sa alama, wanda bai samu ba a ba shi, wanda ya rasu a nemi magada. Amana ce. Ranar da aka gama wannan, in ko kwabo ya rage, ni zan fara kiran sa saura.

Kuma ko a ranar, katanga ba ta gaban layi. Ku shiga sha-ka-tafi na ƙauyenmu ku gani. Gadon haihuwa ɗaya ne, an tokare ƙafarsa da bulo. Firjin rigakafi ya zama wurin ajiye fayil tunda batirin sola ya mutu. In naƙuda ta zo da dare, ma'aikaciyar da fitilar waya take aiki, ta riƙe a baki, ruwa kuma mijin mai haihuwa ne zai ɗebo a jarka. Mun ga kwalara a 2021. Mun ga sanƙarau a Gwandu, Aliero da Jega a 2025. Cutar da za ta zo gaba ba za ta tsaya a sabon get ta nemi izinin maigadi ba.

Masu cewa in goge rubutun nan don kada in jawo wa kaina, na gode da kulawa. Ban kama sunan kowa ba. Wanda ya tsargu shi ya san dalili.

Af, na tuna. Bokitan nan masu famfo da aka raba lokacin korona, na wanke hannu, waɗanda aka jera ƙofar kowane ofis aka yi ta ɗaukar hoto da su? Jiya na ga ɗaya a tasha, wata yarinya ta cika shi da zoɓo da ƙanƙara, tana murɗa famfon tana tsiyaya wa mutane a kofi, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa. Rubutun jikinsa ma bai gama gogewa ba. Na tsaya na sha kofi biyu. Ya yi sanyi sosai, sai dai ta cika citta.