Ranar da na kusa jawo Sallah a Tudun Wada

Duk cikin duniyoyin da ake iya gani da ido, babu mai wahalar da mutum kamar Uɗaridu, wanda 'yan boko ke ce wa Makyuri. A jiki, shi ne ɗan autan duniyoyi takwas ɗin da ke kewaye rana, faɗinsa kilomita 4,879, ya ɗan ɗara watanmu. Amma ba ƙanƙantarsa ce matsalar ba, maƙale wa rana da yake yi ne kamar ɗan goye. In ya matso, kilomita miliyan 46 ne tsakaninsu, in ya ja baya miliyan 70. Saboda haka daga nan ƙasa ba ya taɓa nisa da rana fiye da digiri 28, wani zagayen ma 18 ne iyakarsa. Ka miƙa hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Dunƙule biyu zuwa uku ke nan, sannan rana na faɗuwa yana biye da ita, awa ɗaya da 'yan mintuna ya ɓace.

Ga kuma Zariya: da hunturu hazo, da damina hadari. Sau biyu ina hawa Kufena da madubin hangen nesa a kafaɗa, ina dawowa da tari.

To, wannan karon lissafi ya nuna ya yi nisansa da rana, za a gan shi da yamma, sama kuma tas. Abin da ban sa a lissafin ba shi ne ranar 29 ga Ramadan ce. Na sha ruwa da dabino uku, na yi magariba, na hau soro. Ƙa'idar ita ce kada ka kuskura ka ɗaga madubi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, in ba haka ba ka rasa ido. Ka jira minti 30 zuwa 40, ka auna dunƙule ɗaya sama da inda ta nutse. Wanda ya ga wani abu mai ƙyalli sosai ya yi murna, yawanci Zara ya gani. Uɗaridu ɗan ɗigo ne cikin jan sama. Ina cikin lalube sai ga shi. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Na gan shi! Wallahi na gan shi!"

Ashe rabin unguwa na kan katanga suna duban wata.

Kafin in sauko, yara sun kai bakin titi suna "Gobe Sallah!" Tela na ƙofar gidanmu ya dafe kai, da ɗinki goma sha a gabansa. Liman da mai unguwa suka hau soron da kansu.

"Malam, ina yake?"

"Allah gafarta Malam, ai ba wata ba ne, Uɗaridu ne."

Ya sa ido a madubin. Nan na ƙara shiga uku, don Uɗaridu yana cika yana raguwa kamar wata, kuma in ya yi nisansa da rana rabinsa ne ke haske.

"Ga wata nan kuwa, har rabi! A daren talatin?"

Sai na shiga bayani, ina gumi. Na ce dutse ne da ƙarfe, cikinsa kusan duk ƙarfe, fuskarsa ramuka, ba shi da iskar kirki da za ta riƙe zafi, shi ya sa da rana yake kai digiri 430, da dare ya sauka 180 ƙasa da sifili. Na ce yana gudun kilomita 47 a daƙiƙa, yana kewaye rana cikin kwana 88. Amma juyawa a kan kansa, kwana 59 yake ɗauka, sau uku a kowane kewaye biyu. In ka haɗa tafiyar biyu, daga fitowar rana zuwa wata fitowar kwana 176 ne.

Liman ya yi shiru yana lissafi da carbi. "Wato mai azumi a can, in ya yi sahur, sai bayan kwana 88 zai sha ruwa?"

"Haka ne, Malam."

"Kuma can ɗin ba su da wata?"

"Ko ɗaya."

"To, Allah Ya kiyashe mu. Ba buɗa baki, ba Sallah. Wannan ka bar tarawihi kana nema?"

Mai unguwa ya tura yara su bi sahun na farko su ƙaryata, ya ce kowa ya jira sanarwar Sarkin Musulmi. Sanarwa ta zo, ba a ga wata ba, azumi talatin.

Da asuba maƙwabcina ya yi sallama. Ya ce a kan maganata ya yanka zakaru biyu, ga shi ba wuta, firij ba sanyi. Na fara gaya masa cewa a Uɗaridu buhun shinkafa mai kilo 50 nauyin kilo 19 zai yi a hannu. Ya ce shi a Tudun Wada yake, in ba shi kuɗin zakarunsa.