Shuwakarmu da ciyawar da Turawa ke yaƙa

A nan Ingila, da zarar Afrilu ya kama, wata ciyawa mai fure ruwan ɗorawa takan mamaye bakin titi da filin ƙofar gida. Dandaliyan suke ce mata, kuma ba mai shuka ta. Saiwarta nutsewa take can ƙasa, ko ka sare kan, guntun da ya rage sai ya sake tohowa, shi ya sa take shekara da shekaru a wuri ɗaya. In furen ya bushe ya zama farin gashi, iska ce ke kwasar irin ta kai gidan maƙwabta.

Abin dariya, wanda ya sayi maganin feshi ya kashe ta a gidansa, shi ne zai shiga kanti ya sayi shayin saiwarta a kwali. Faransawa dai sun fi su wayo, ɗanyen ganyen suke ci kamar kwaɗo. Tun 2019 ma Plantlife, wata ƙungiyar kare tsirrai ta Birtaniya, ke roƙon jama'a su dakatar da yankan ciyawa a watan Mayu don ƙudan zuma su sami fure.

Masana tsirrai sun ce dandaliyan danginsu ɗaya da shuwaka. Wanda ya tauna ganyen ba zai yi musu ba, sai dai ɗacinta bai kama ƙafar na shuwaka ba. Mu kuwa a Katsina ba mu taɓa gaba da tamu ba. Reshe ake karyowa a soka a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta kama abinta. A murje ganyen, a wanke, a sake wankewa har ɗacin ya sauka, a yi miya da gyaɗa, a tuƙa tuwo. Tsofaffi ba sa barin mai jego ta rasa ta.

To amma dubi sabbin gidajenmu na wajen Ƙofar Ƙaura. Siminti tun daga get har bakin madafa, ko tsinke ba inda zai fito. A ganina, halin da Turawa ke fama su bari shi muka fara ɗauka. Ka tambayi maigida, ya ce yana gudun sauro, alhali sauron a kwatami yake ƙyanƙyasa. Ni da nake biyan fam a kantin 'yan Afirka kan ƙullin busasshiyar shuwaka, wadda rabinta kara ne, in na tashi gini sai magini ya bar min filin taku biyu kusa da magudanar ruwa, ko ransa bai so ba.